Shekarar da Igiyar Tuta Ta Maƙale

Shekara ashirin da uku ina sakatariyar majalisar garinmu, Brenholm, kuma a tsawon wannan lokacin ban taɓa ganin abin da ya gagari Norbert Paskemin gyarawa ba. Famfo ne, tukunyar ɗumama ofis ce, motar ture ƙanƙara ce, har tabarauna da ƙafarsa ta ɓalle, duk shi ne. Aikinsa kula da ginin majalisa: shara, gyare-gyare, buɗe ƙofa da rufewa, sai kuma tuta. Saboda haka ranar da ya ce min igiyar tuta ta maƙale, sai na tsaya na dube shi sama da ƙasa.

Amma bari in fara daga farko, don ni an san ni da tsallake zance.

Norbert ɗan ƙabilar Cree ne, cikin 'yan asalin ƙasar nan, daga ƙasar da aka keɓe wa mutanensa can arewa da mu, tafiyar awa biyu a mota. Ya zo garin nan yana saurayi yana aikin layin dogo, ya auri Yvonne mai ɗinki, ya zauna. Ba su haihu ba. Yvonne ta rasu shekara shida kafin wannan labarin, tun daga nan duk Jumu'a nake kai masa perogi a kwano, wato dafaffen ƙullun fulawa mai dankali a ciki, shi kuma ya dawo min da kwanon cike da soyayyar gurasa irin ta mutanensu. A shekarar 2021 yana da sittin da takwas, dogo, ba shi da yawan magana, hularsa ɗaya ce rani da hunturu. Ni yake kira uwar takardu, ni kuma in ce masa tsoho, alhali da shekara biyar kacal ya girme ni.

Tutar nan kuwa ya ɗauke ta da zafi. Wasu garuruwan sukan bar tasu a waje dare da rana har ta zama tsumma. Norbert ba ya haka. Ƙarfe takwas na safe ya ɗaga ta, ƙarfe biyar ya sauke, ya ninke, ya sa a aljihun teburinsa. Idan wani babba ya mutu aka aiko saƙo daga babban birni cewa a sassauto da tuta zuwa rabin sanda, ni nake bugawa in miƙa masa.

"Wane ne kuma ya tafi?" haka yake tambaya kullum.

Yana da ƙa'ida: sai ya fara kai ta ƙololuwa, ya ɗan tsaya, sannan ya sassauto da ita. Ya ce ba a sauke abin da ba a ɗaga ba. Mu dai a garin da bai kai mutum ɗari shida ba, rabin labarin ƙasa ta wannan sandar yake iso mana. Manomi zai wuce a motarsa, ya ga tuta a rabi, ya tsaya kanti ya tambaya.

Shekarar ita ce ta biyu ta annoba. Muna zaman majalisa da takunkumi a fuska, kujeru nesa da juna, kowa na ɗaga murya kamar masu rigima. A watan Afrilu mijin sarauniyarmu ya rasu, Norbert ya sassauto da tuta, ya ce mutumin da ya kai casa'in da tara ai ya yi ƙoƙari. Aka zo aka yi mana allurar riga-kafi a zauren majalisa, shi ya jera kujerun. Ruwan sama kuma ya ƙi zuwa.

Ƙarshen watan Mayu labarin nan ya fito. Can yamma, a harabar wata tsohuwar makarantar kwana, irin waɗanda gwamnati ta riƙa kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasa tana kaiwa ko iyaye sun so ko ba su so ba, na'ura ta nuna alamun kaburbura ɗari biyu da sha biyar da babu suna a kansu. Ƙasar nan gaba ɗaya ta yi tsit. Magajin garinmu, Lyle Torgerson, mai sayar da kayan gyaran tarakta, ya kira zama na gaggawa. Garuruwa da dama sun ce za su sassauto da tuta na awa ɗari biyu da sha biyar, kowane yaro awa ɗaya, mu ma muka bi sahu. Ni na yi lissafin a bayan ambulan: kwana tara ba awa ɗaya. Na ji daɗin kaina ma da na iya lissafin, Allah na tuba.

Norbert ya karɓi takardar ya karanta. Bai tambayi wane ne ya tafi ba. Ya fita, ya kai tuta sama, ya dawo da ita rabi.

Kafin kwana biyu mutane sun fara ajiye ƙananan takalman yara a matakalar ginin, kamar yadda ake yi ko'ina a ƙasar. Takalman makaranta, na roba, na jarirai, sun kai ƙafa arba'in. Kwana tara suka cika ranar Laraba da safe. Na iso ofis, tuta tana nan inda take.

"Tsoho, ka manta ne? Awanni sun cika tun ƙarfe bakwai."

"Igiya ta maƙale," in ji shi.

"Ta me?"

"'Yar tayar da ke can sama ce ta cije. Sai an hau."

"To hau mana."

"Da wace gwiwar? Ke ki hau, uwar takardu, in riƙe miki tsani."

Na ƙyale shi. Lyle ya ce a kira 'yan kwana-kwana su zo da dogon tsaninsu, kuma kiran nan aikina ne. To a satin ne aka hana kunna wuta saboda fari, motar kashe gobara tamu guda ɗaya ce, kullum tana bakin gonar wani. Sai kuma aka sake samun wasu kaburburan a nan lardinmu, sun fi na farko yawa, ba wanda ya ƙara zancen tuta. Ranar bikin ƙasa ta ɗaya ga Yuli ma ba mu yi komai ba. Ba wasan wuta, ba gasa nama a fili, kowa ya zauna gidansa.

Ni dai abin ya tsaya min a rai. Mutumin da bai taɓa barin tuta ta kwana a waje ba, ga ta tana kwana tana tashi, hayaƙin gobarar daji yana rina ta, bakinta ya fara zarewa. Da safe kuma sai in riƙa ganin ɓarɓashin taba a gindin sandar. Na same shi da faɗa.

"Ka koma shan taba ko? Bayan abin da likita ya gaya maka? Wallahi da Yvonne na nan da ta ja maka kunne."

Ya yi murmushi kawai, ya ce, "Ba sha nake ba."

Sai da na koma kan kujerata na tuna. Mutanensu taba suke ajiyewa a ƙasa idan za su yi addu'a. Shekara sittin da uku ina zaune a ƙasar nan, na san wannan sarai, amma har na sa tsintsiya na share ta sau biyu. Kunya ta kama ni har cikin kunnuwana.

Wata safiya cikin Agusta na zo da wuri don zafi ya hana ni barci. Na hango shi daga mota, a tsugune kan matakala da gwiwoyin nan da ya ce ba sa hawa tsani. Takalman yaran yake bi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda igiyarsa ta kwance sai ya ɗaure, ya ja kunnuwan su daidaita, ya ajiye, ya ɗauki na gaba. Na zauna a mota har ya gama. Da na shiga na ce ina kwana, ya ce ina kwana, na ce yau ma za a yi zafi, ya ce za a yi.

Ga halinmu a nan, kuma ba yabonmu nake ba. Idan abu ya sami mutum za mu dafa abinci mu ajiye masa a ƙofa, mu share masa ƙanƙarar gabansa, mu girbe masa gona idan ya kwanta. Amma ba ma tambaya. Muna ganin tambaya rashin kunya ce. Shekara ashirin da uku ina shan kofi da mutumin nan ƙarfe goma na safe, na san lambar takalminsa, na san ba ya cin albasa, amma ban taɓa cewa Norbert, wace makaranta ka yi ba. Kuma a can cikin raina na san dalilin da ya sa ban tambaya ba.

Abin da na iya shi na yi. Na daina kiran 'yan kwana-kwana. Duk sanda Lyle ya leƙo ya ce, "Darlene, ina maganar tsani?" ina da amsa a baki. Yau suna girbi, abin da fari ya bari ke nan, don manoma ne masu aikin sa kai. Gobe shugabansu ya kai matarsa asibiti. A Satumba aka yi zaɓen ƙasa, na ce ai ba za a kafa motar gobara a ƙofar rumfar zaɓe ba. Mutane suka wuce ƙarƙashin tutar nan suka jefa ƙuri'a, aka ƙirga, gwamnati ta dawo kusan yadda take. Ƙarshen watan aka yi sabuwar ranar tunawa da yaran makarantun, garin ya cika da riguna ruwan lemo, alamar ranar. Norbert bai sa ba, rigarsa ta aiki ya sa.

Ƙarshen Oktoba Lyle ya shigo ya rufe ƙofa, ya zauna a bakin teburina.

"Darlene, ni fa ba yaro ba ne. Na san igiyar nan lafiyarta ƙalau."

"To mai girma, tunda ka sani, je ka ja ta."

"Ki bar wasa. Sha ɗaya ga Nuwamba ta kusa. Kin san yadda muke yi: tuta na sama, a busa ƙaho, a sassauto da ita don sojojin da suka mutu. Yaya za a sauke abin da yake a sauke? Mahaifiyata shekararta casa'in da ɗaya. Tun tana 'yar sha huɗu wanta Arne ya tafi yaƙi bai dawo ba, kuma ba ta taɓa fashin zuwa ta ga an sauke masa tutar nan ba. Bana ƙila shi ne na ƙarshe. Ki gaya min abin da zan ce mata."

Gaskiyarsa ce, ni ma na sani.

"Ranar Litinin tsani zai zo," in ji shi. "Ni da kaina na kira su."

Na sami Norbert a ɗakin tukunyar ɗumama, yana shirya ta don hunturu. Na juya bokiti na zauna a kai.

"Norbert, zan tambaye ka wani abu, in ka ga dama ka ce ba ruwana. Don wa ka bar tutar nan a ƙasa?"

Ya goge hannu da tsumma.

"Rosalie," ya ce. "Ƙanwata."

Ban taɓa sanin yana da ƙanwa ba.

Ya ba ni labarin a tsaye, idonsa na kan tukunya. Tare aka ɗauke su a babbar mota zuwa irin makarantar kwanan nan, shi yana da tara, ita bakwai. A gida ita ce mai nawa. In za a je ɗiban ruwa, in za a je tsinkar 'ya'yan itace, kowa ya yi gaba tana baya tana fama da takalmi tana kira, Nobe jira ni. Ba ta iya ɗaure igiya ba, shi yake ɗaure mata. A makarantar kuwa maza daban mata daban, ba a yarda ko magana su yi ba. Ran Lahadi kawai yake hango ta a layin shiga coci, ya nuna mata ƙafarta da ido, ta duba, ta yi dariya a ɓoye.

"Da hutun bazara ya zo aka kawo motar da za ta mai da mu gida. Na duba layin mata, ba ta ciki. Aka ce tana ɗakin marasa lafiya, za ta biyo mota ta gaba. Direba yana ta danna ham. Ni kuma wata goma ban ga uwata ba." Ya ninke tsumman gida huɗu. "Sai na hau."

Babu wata mota ta gaba. Takarda ce ta zo wa mahaifinsu bayan sati uku, layi biyu, ba a faɗi inda aka binne ta ba. Makarantar an rushe ta tuntuni, yanzu gonar wani ce.

"Shekararka tara fa, Norbert."

"Na sani. Kowa ma zai ce haka. Amma ban jira ta ba." Ya dube ni a karon farko. "Kun ba kowane yaro awa ɗaya. Na ji daɗi, tsakani da Allah na ji daɗi. Amma ita ba ta cikin lissafin. Ba ta cikin na yamma, ba ta cikin na nan. Da awannin suka cika na kama igiyar, sai hannuna ya ƙi. Na ce bari in ƙara mata awa ɗaya. To ban san yadda aka yi awar ta ƙi cika ba."

Na yi kuka a kan bokitin nan, ba na ɓoyewa. Shi ne ma ya miƙo min tsumman, duk da baƙin mai.

"Me kake so a yi?"

"Ban sani ba. Awar da na ba ta a sace na ba ta, da ƙarya. Ba wanda ya san tata ce."

To nan dai aka zo fagena. Ni ban iya addu'ar mutanensu ba, ban iya lallashi ba, amma na iya rubuta ƙudurin majalisa. Na nemi izininsa, ya gyaɗa kai. Na rubuta: majalisar garin Brenholm za ta sassauto da tuta na awa ɗaya, ranar Asabar shida ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana, don Rosalie Paskemin, 'yar shekara bakwai. Na kai wa Lyle kantinsa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Norbert ɗin namu?" Sannan ya ɗauki waya ya ce wa 'yan kwana-kwana ba sai sun zo ba. A zaman Talata ba wanda ya yi gardama. Na rubuta sunanta a littafin majalisa da hannuna, na tabbatar ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba.

Ban yi wata sanarwa ba, takarda ɗaya na manna a kanti. Amma ranar Asabar sai ga motoci har bakin layin dogo. Sanyi ya fara sauka, iska na yanka kunne. Mutanensa ma sun zo daga arewa, mota uku, tsofaffi mata da barguna. Lyle ya turo mahaifiyarsa, Misis Torgerson, a keken guragu, an naɗe ta har haɓa.

Norbert ya fito da rigarsa ta coci. Ya ajiye taba a gindin sanda, wannan karon a gaban kowa. Ya kwance igiyar, ya sauke tsohuwar tutar da ta koɗe, ya ninke ta ya miƙo min, ya ɗaura sabuwa. Da ya ja, igiyar ta tafi sumul, ko ƙara ba ta yi ba. Wani a baya ya ce, "Ashe ta gyaru," mutane suka ɗan yi dariya, shi ma ya murmusa. Ya kai ta ƙololuwa, ya tsaya, ya sassauto da ita rabi. Lyle ya karanta sunan da ƙarfi.

Awa ɗaya a tsaye cikin sanyi ba wasa ba ce. Ban taɓa sanin tsawon awa ba sai ranar. Ba jawabi, ba waƙa. Ƙafafuna suka mutu, hancina na zuba, na riƙa tunanin kwana taran nan da na lissafa a bayan ambulan ina jin kaina gwana. Ba wanda ya koma mota.

Ƙarfe uku daidai Lyle ya dubi agogonsa, ya dube ni. Ni na matsa kusa da Norbert na ce a hankali, "Tsoho, ta cika."

Hannunsa na kan igiyar, amma bai ja ba. Na ce a raina shi ke nan, mun koma gidan jiya.

"A ɗan ƙara mata," ya ce. "Ba ta da sauri."

Lyle ya buɗe baki, sai mahaifiyarsa ta fito da hannu daga cikin bargo ta kama masa hannun riga.

"Lyle, rufe agogon nan," in ji ta. "Ina za mu je? Norbert, jira ta, ɗana. Muna nan."

Muka jira. Ban duba lokaci ba, kuma a littafin majalisa ban rubuta ko minti nawa aka ƙara ba. Norbert yana tsaye, kansa a sunkuye, yana kallon ƙasa kusa da ƙafarsa ta hagu. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗan matsa gefe kaɗan kamar mai ba wani wuri.

"To, mu je," ya ce a hankali.

Ba da mu yake ba. Sannan ya ja igiyar.